Tagar da Baffa Bai Buɗe Ba

Daga Allah muke, gare shi kuma Baffa ya riga mu komawa, ranar wata Talata da hantsi, cikin zafin bazarar nan da ya hana ko kaji fitowa daga gindin rumbu. Ina gidana a Gezawa aka bugo mini waya. Kafin in sami mota in ratsa Kano in isa ƙauyenmu da ke bayan Tofa, har an kai shi an dawo. Ban ga fuskarsa ba, kuma wannan zai daɗe yana yi mini ciwo.

Na zauna cikin mata har aka yi sadakar bakwai, kunnena a buɗe, domin a zaman makoki ake jin yadda gari ya ɗauki mutum. Wata tsohuwa ta tako da sanda daga unguwar masaƙa, ta zube a gaban Inna, matar Baffa, ta ce, "Allah ya jiƙan Malam mai hayaƙi. Shi ya huda mini ɗaki. Tun daga ranar ban ƙara shimfiɗa a tsakar gida saboda zafi ba." Wata kuma ta fara ba da labarin yadda ya shiga ɗakinta da gashin kaza a zare, dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki da mayafi tana istigfari. Ba wanda ya ga laifinta.

Amma ta bayan zana na ji wani Alhaji, tsohon ɗalibinsa ne ma, yana cewa da na kusa da shi, "Mutumin kirki ne, wallahi. Sai dai tun rasuwar ɗan nan nasa kansa bai koma daidai ba." Na ji kamar in yaye zanan in tambaye shi wa ya koya masa lissafin da yake cin abinci da shi yau. Na haɗiye, saboda ba wurin faɗa ba ne. Maganarsa ce ta sa na zauna rubuta wannan, domin in aka bar wa irinsu labarin Baffa, nan da ɗan lokaci abin da za a riƙe kawai shi ne wani tsoho ya zare yana wasa da laka.

A can ƙarshen tabarmar maza kuwa Baba ne, mahaifina, ƙanin Baffa uwa ɗaya uba ɗaya. Yanar ido ta rufe masa gani tun bara waccan, sai an faɗa masa sunan mai gaisuwa. Duk wanda ya yi masa ta'aziyya sai ya ce, "Amin, amin," kawai. Kowa a garin ya san abin da ba a faɗa: rabon Baba da Baffa su zauna a tabarma ɗaya tun ina budurwa, ga shi yau har na aurar da 'ya.

Baffa malamin kimiyya ne, ya koyar a makarantu da dama na yankin nan har ya yi ritaya. Kada addu'a ta sa in yi masa ƙarya, mutum ne mai zafin rai da son gyara wa mutane zance. In ka ce rana ta faɗi, zai iya tsayar da kai a hanya ya bayyana maka cewa ba ita ce ta motsa ba. Yabo kuwa sai ka yi da gaske kafin ka ji shi a bakinsa. Ni kaɗai nake samun sassauci, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Shi da Baba duk "Uwata" suke ce mini, kuma na ci albarkacin sunan nan sosai.

Gidanmu irin na gandu ne da aka yanka sassa. A wajenmu ƙasa ta yi kaɗan, gona tana farawa ne daga inda katanga ta ƙare, don haka ɗaki a jikin ɗaki ake gini. Ɗakin samarin Baffa yana da ɗakin Inna a dama, katangar maƙwabta a hagu, bayansa kuma tsakar gidanmu ne, sashen Baba. A bangon bayan nan akwai wata 'yar taga daidai ƙirjin mutum. Ta nan yayanmu, ɗan farin Baffa, yake miƙo mini gyaɗa soyayya muna yara.

Da muka girma, Baba ya je ya sami wansa cikin ladabi ya ce, "Yaya, yaran nan sun zama samari, ita ma Uwata ta kai. Ga mata suna daka, suna kitso, suna wucewa makewayi." Baffa ya ce, "Gaskiyarka." Ba a yi musu ba, don ko wane gida haka ake yi. A ranar da la'asar ya kwaɓa ƙasa da hannunsa ya toshe tagar. Daminar da ta biyo baya kuma rufin soron ya rufta, azara ta yi wuyar samu, aka buga masa kwano ƙasa-ƙasa. Ɗakin ya koma ƙofa ɗaya da rufin da ke ɗaukar zafi tun hantsi.

Sai shekarar sanƙarau ta zo. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Yaro zai tashi da ciwon kai, kafin la'asar wuya ya sanƙare. Masu haƙar kabari suka daina mayar da kayan aikinsu gida. Labari ya bazu cewa ciwon a iska yake yawo, to mu kuma da muka ji haka sai muka yi abin da hankalinmu ya ba mu, muka hana iskar shigowa. Aka daina barin yara su kwana a waje kamar yadda aka saba da bazara, aka tura su ɗaki, aka ja ƙyaure, aka cusa tsumma a duk wata kafa. Baffa, da duk kimiyyarsa, shi ma tsoro ya ci shi, ya ce samarinsa su shiga ciki. Sai daga baya ma'aikatan lafiya suka zo da lasifika suna cewa a rage cunkoso, a buɗe tagogi, a fito rigakafi. Lokacin mun riga mun binne yayanmu, ƙaninsa kuma ya tashi daga ciwon ba ya ji.

Kun san kunyar ɗan fari. Baffa bai taɓa kiran sunan yayanmu ba yana raye, "yaron nan" yake cewa, kuma ko da ya rasu bai kira ba. Bai yi kuka a gaban kowa ba. An yi sadakar arba'in ke nan ya aika aka ɗebo masa yumɓu daga bakin kududdufi.

Ɗakuna ya fara ginawa, ƙanana, kowanne bai fi akwatin kaya ba, da ƙofarsa da tagoginsa. Wani ya rufa shi da guntun kwano, wani da ƙasa a kan tsinke, wani kuma da gilashi don ya riƙa leƙa ciki. Sai ya zuba ƙaiƙayi a kan garwashi cikin ɗan kasko ya tura ciki har hayaƙi ya cika ɗakin, ya koma gefe ya durƙusa yana fifita da mafici a hankali, wai shi ne iskar da ke tasowa daga kudu. Ya toshe wannan kafa, ya buɗe waccan, ya ga inda hayaƙin zai bi. In ya fita da wuri, ɗakin ya yi. In ya tsaya yana juyawa a ciki, sai Baffa ya rushe bango ɗaya ya sake. Da rana tsaka kuma ya jera su a fili, ya ɗiga man kaɗe a cikin kowanne, ya tsuguna yana jiran wanda zai fara narkewa. Inna ta gaji har ta koma ɓoye man kaɗenta a cikin tukunyar daddawa.

Na taɓa tambayarsa, "Baffa, wai me kake nema ne?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Uwata, ban ce taga ce ta kashe yaron nan ba. Mai shi ne ya karɓi abinsa. So nake kawai in san ko iska tana shiga ɗakin nan."

"To tana shiga?"

"Ba ta shiga. Iska ba ta shiga ɗakin da ba ta ga hanyar fita ba."

Wannan maganar ya yi ta maimaitawa har yaran gari suka haddace suna kwaikwayonsa da ita. Ya koma yawo da gashin kaza ɗaure a zare cikin aljihu. Ko barka ya je ko gaisuwar mara lafiya, kafin a gama gaisawa ya fito da shi ya rataya a tsakiyar ɗaki, kowa ya zuba wa gashin kaza ido. In bai motsa ba, mai gida ya shiga uku, don Baffa ba zai bar shi ya huta ba sai an kira magini.

Ba kullum yake dacewa ba. Gwaggo, ƙanwarsu, ita ta fara yarda da shi, ita kuma ta fara shan wuya. Ya huda mata babbar taga ta gabas, ɗaki ya yi daɗi duk bazara, tana ta yabonsa a gidan suna. Ruwan farko da ya zo da iskarsa daga gabas, ta nan ya shiga ya jiƙe mata katifa da garin tuwo. Ta zo har gida da jiƙaƙƙen garin a ƙwarya ta dire masa a gaba ta ce, "Ga kimiyyarka nan, Yaya, sai ka tuƙa." Ya dubi ƙwaryar ya ce, "Na manta da damina." Ya koma kan yumɓunsa, ya riƙa yayyafa wa ɗakunan ruwa da tsintsiya daga gefe yana duba inda ya ratsa. Daga nan ne ya gano irin tagar da ya tsaya a kanta: ƙarama, can sama kusa da rufi inda zafi ke taruwa, an huda ta a karkace, bakinta na ciki a ƙasa, na waje a sama da ɗan murfi a kansa. Zafi ya fita, ruwa bai shiga ba, wanda ke ciki kuma in ya leƙa sama kawai zai gani.

Bai taɓa karɓar ko goro a kan wannan aiki ba. Gidajen zawarawa da tsofaffi shi yake hawa tsani da kansa, yana huci yana faɗa da duk wanda ya ce ya sauko. Akwai wata mai jego da ya tarar an rufe ta da jaririnta a ɗaki ga wuta a ƙarƙashin gado. Bai ce a kashe wutar ba, don ya san tsofaffin gidan ba za su yarda ba. Ya huda musu kafa a sama, ya ce da kakar jaririn, "Hajiya, wutarki tana nan, hayaƙin kawai na sallama."

Da ya tabbatar da tagar nan tasa, sai ya gina ɗakin samarinsa da yumɓu, komai da komai, har da tabon tsohuwar tagar da ya toshe, ya huda sabuwar a sama. Ya ɗauko shi a ka, kaskon garwashi a hannu, babban mutum da furfurarsa, ya zagayo ta waje ya yi sallama a zauren Baba. Ina cikin soro na biyu ina tankaɗe, duk abin da aka yi a kunnena.

Ya ce, "Zo ka ga wani abu. Bangon nan namu ne mu biyu, ba zan taɓa shi ba sai da yardarka. Duba kawai za ka yi."

Baba ya ce, "Yaya, in so kake ka ce ni na kashe shi, ka faɗa da bakinka. Ka daina kunna mini hayaƙi a gari."

"Ni na kwaɓa ƙasar da hannuna. Ni na ce su shiga ciki."

"Ai ni na sa ka toshe."

"Ban zo da wannan ba. Ka duba, na roƙe ka."

Baba bai duba ba. Ya kawar da kai ya ce, "Muddin ina numfashi ba mai taɓa bangon nan." Ya shige gida ya wuce ni, idanunsa jajur. Baffa ya daɗe a tsugune a zauren shi kaɗai, har garwashin ya mutu, sannan ya ɗauki kayansa ya tafi.

Na daɗe ina jin haushin Baba a kan wannan, kuma har yanzu ban gama hucewa ba. Amma na san abin da ya hana shi. Shi ya yi wa yayanmu huɗuba, shi ya saya masa keken farko, yana son yaron nan fiye da yadda uban ya isa ya nuna. A ganinsa, ranar da aka buɗe bangon, an tabbatar ke nan cewa toshewar ce ta yi kisa, kuma da bakinsa aka toshe. Baffa kuwa kunya ta hana shi zama ya yi maganar ɗansa a fili. Haka suka zauna, bango ɗaya a tsakaninsu. Ba su yi gaba irin wadda addini ya hana ba, suna gaisawa a masallaci, ana aika tuwon salla. Amma hira ta mutu.

Abin da Baffa ya yi bayan nan shi ne ya fi ci mini rai. Ya fitar da sauran samarin daga ɗakin ya mayar da su turakarsa mai sanyi, shi kuma ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ciki. Mutumin da ya huda rabin ɗakunan garin nan, shi ne yake kwana a ɗakin da gashin kaza ba ya motsi. Inna ta yi magana har ta gaji. Ni ma na same shi na ce, "Baffa, ka bari Baba ya tafi kasuwar Dawakin Tofa a kira magini. Kafin ya dawo an gama, ga ta can sama, wa zai lura?" Ya harare ni ya ce, "Uwata, ban san ki da sata ba." Na ce to ya koma wani ɗakin mana. Ya ce in ya fita wani za a sa a ciki, gida ya cika, gara shi.

A 'yan shekarun nan wata jikarsa da ke karatun zanen gine-gine a jami'a ta zo hutu da kwamfuta. Ta zana masa ɗaki a ciki, ta danna, sai ga kibiyoyi ja na zafi da shuɗi na sanyi suna shiga ta ƙofa suna hawa sama. Ya sa tabarau ya matso har hancinsa na taɓa gilashin. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe ana yin abin nan ba tari ba hawaye." Ta nuna masa cewa da ya ƙara faɗin ƙofar shigar iskar da tagoginsa sun fi haka jan iska. Ya yi ta musu da ita har azahar, sannan ya ce, "Yarinyar nan ta fi ni gaskiya." Inna ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin ya faɗa wa wani mahaluki haka ba. Daga nan ya sa jikar ta zana masa ɗakin da yake kwana. Ɗakin ya fito ja wur. Ya ce ta rufe.

A ɗakin nan ya yi jinyarsa, a nan ya cika. Inna ta ce ana yi masa fifita har hannu ya gaji, zufa ba ta daina tsattsafo masa ba. An so a fito da shi rumfa, ya ƙi.

Washegarin sadakar bakwai, da safe, ina haɗa kayana, aka ce Baba yana kira. Na same shi tsaye da sandarsa. Ya ce, "Uwata, kai ni ɗakin Yaya." Na riƙe hannunsa muka fita ta zaurenmu muka zagaya, hanyar da Baffa ya bi da yumɓu a ka. Matan gidan suka yi cirko-cirko. Muna shiga zafin ya rufe mu, alhali rana ba ta ma ɗaga sosai ba. Baba ya tsaya a tsakiyar ɗakin, zufa ta fara bin gemunsa.

Ya ce, "A nan yake kwana?"

Na ce, "A nan, Baba."

"Duk shekarun nan?"

"Duka."

Ya ce, "Abin nan da ya kawo mini. Yana nan?"

Yana nan. Sauran ɗakunan yumɓun suna jibge a bayan rumbu, ruwa ya cinye wasu, amma wannan a ƙarƙashin gado yake, an naɗe shi da tsohon buhu. Na jawo shi, na roƙi garwashi a wurin Inna, na zuba ƙaiƙayi kamar yadda na sha ganin Baffa yana yi. Na toshe tagar saman da tsumma tukuna. Hayaƙi ya cika ɗan ɗakin ya tsaya.

Baba ya ce, "Me ake ciki? Ba na gani."

Na ce, "Ya cika, Baba. Ya rasa hanya."

Na zare tsumman, na yi fifita a bakin ƙofar. Hayaƙin ya miƙe ya fita ta sama siriri. Na kamo hannun Baba na ɗora tafinsa a wurin, ya ji ɗumin yana bugunsa. Sai ya laluba ya zura ɗan yatsa a cikin kafar, ya bi ta a hankali, ya ji yadda ta karkace ta yi sama. Ya zare ya sake zurawa.

Ya ce, "Ai ba a ganin kowa ta nan."

Na ce, "Sama kawai ake gani."

"Abin da yake so ya nuna mini ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Ya zauna a bakin gadon wansa, yatsansa na cikin kafar. Ban taɓa ganin kukan mahaifina ba sai ranar, kuma ban ji daɗin da na yi zaton zan ji ba in gaskiya ta kama shi. Tausayinsa ne ya kama ni, da na Baffa, da na yayanmu da har yau ba wanda ya kira sunansa a cikinsu. Ya ce, "Da na duba, Uwata. Lokacin ina da ido."

A ranar aka kira magini, domin 'ya'yan ɗan'uwanmu kurma ne za su koma ɗakin. Baba ya ƙi zama. Ya sa na kai shi tsakar gidanmu ya tsaya a gindin bangon, ɓarɓashin ƙasa na zubo masa a hula, na ja shi baya ya fizge. Da magini ya leƙo daga kan tsani ya ce, "Ta buɗe, Baba," sai ya jingine sandarsa ya ɗaga hannuwa biyu. Mutumin da ya yi kwana bakwai ba abin da yake cewa sai amin, ranar shi ya yi addu'ar, mu muka amsa.

Ya ce, "Ya Allah, ka jiƙan Yaya. Ka yalwata masa makwancinsa. Ka buɗe masa wadda na hana shi."